Gadon Jariri a Ɗakin Mai-labule

Shafi na 31

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika mugunta don na bar baiwar Allah a hannun likitoci, ku sassauta min haka, ga ta nan ta fito da ranta. Amma wanda ya san yana da hawan jini ya sha maganinsa kafin ya karanta shafin nan. Ni dai na faɗa.

*

Tun da aka sallamo Mai-labule daga asibiti, tashi daga gado ya zame mata aiki. Sai ta juya ta gefe, ta zuro ƙafafu ƙasa, ta danna filo a mara, sannan ta cije leɓe ta miƙe. Tari kuwa haɗiye shi take yi. Atishawa ɗaya ta kufce mata jiya, sai da hawaye ya zubo.

Matar da ke hawa tsani ita kaɗai ta rataya labule a gidajen mutane, yau sai ta dafa bango take kaiwa banɗaki.

Ciki ne ya zauna mata a bayan mahaifa, cikin bututu. Bututun ya fashe, jini ya taru mata a ciki, aka shiga da ita tiyata da gudu aka cire shi. Saura guda ɗaya. Cikin da ta yi shekaru tana roƙon Allah, ya zo ya tafi ko motsinsa ba ta ji ba.

Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ciwon kafaɗar nan da ta ji ranar alama ce jini ya fara zuba a ciki, da an kawo ta tun a lokacin wataƙila da abin bai kai haka ba. Ya ce kuma ko bokitin ruwa kar ta ɗaga sai ɗinki ya kama.

Abu ɗaya ne ya hana ta zaucewa, shi ne mijinta, Kafinta.

Ranar da abin ya faru ta kira shi bai ɗaga ba. Ta tura masa saƙon murya, ta kwanta a ƙasa tana jiransa, har duhu ya rufe mata ido. Maƙwabciyarta ce ta shigo aron dutsen guga ta tarar da ita a sume. Da ta farfaɗo a asibiti ta same shi a bakin gado yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ina shago," ya ce, "injin yanka katako na ta ihu. Wallahi ban ji ba. Sai a nan asibiti na buɗe saƙonki."

Ita da aka yanka, ita ce ta ɗora hannu a kansa tana ba shi haƙuri. Laifin duka ta kwashe ta ɗora wa kanta. Me ya hana ta rarrafa ta buga ƙofar maƙwabta? Me ya sa ta kwanta jira? Duk wannan tana iya ɗauka, muddin shi bai sani ba. Da wannan magana take kwana, da ita take tashi.

Da hantsi tana zaune a falo, yayarta da ke jinyarta ta tafi dubo 'ya'yanta, sai aka bugi ƙofa. Ba a jira amsa ba aka turo.

Umma ce, uwar mijinta. Bayanta kuma Auta, ƙanwarsa, ta turo ƙaton ciki haihuwa ko yau ko gobe, hannu ɗaya a ƙugu, baki na taunar cingam.

"Har yanzu zaune ake?" in ji Umma.

"Sannu da zuwa Umma. Ina kwana."

Ta yunƙura za ta durƙusa, marar ta riƙe ta.

"A'a, bar shi. Kar a ce ni na yaga miki ɗinki."

Auta ta zube a kujera ta miƙe ƙafafu. "Anti, ai jiki ya yi kyau. Har kumatu kika yi."

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Sauƙi kam ya samu. Wa zai ƙi a kwantar da shi ana kawo masa abinci har gado?"

Mai-labule ta yi kamar ba ta ji ba. Ta saba. Tun shigowarta gidan nan haƙuri take yi da uwa da 'yar, har mutane na cewa ita ba ta da baki.

Umma ba ta zauna ba. Ta zagaya falon, ta shafa saman talabijin da ɗan yatsa, ta duba yatsan, ta taɓe baki.

"Ɗana yana kwana cikin wannan ƙurar."

"Likita ya ce kar in sunkuya, Umma."

"Likita! Mu da muka haihu har bakwai ba likitan da ya ce mu daina shara. Ke da ba haihuwa kika yi ba ma?"

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye.

"In kawo muku ruwa?"

"Ba zama muka zo yi ba, mai mota na jiranmu a waje. Gado muka zo ɗauka."

"Gado?"

"Gado nawa ne a gidan nan da ba mai kwana a kai?" Auta ta faɗa tana fasa ƙwan cingam.

Nan Mai-labule ta gane gadon jariri suke nufi.

A ƙaramin ɗaki yake, kusa da keken ɗinkinta. Satin da gwaji ya nuna tana da ciki Kafinta ya fara shi, yana aiki yana waƙa, ya goge katakon sumul har ba inda zai karci fatar jariri. Ita kuma ta ɗinka masa gidan sauro fari da ragowar yadi mai taushi, ta yi masa ƙananan filo. Tun da ta dawo, kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar ɗakin ta kalle shi. Ba ta shiga, kallo kawai take yi ta juyo.

"Umma, gadon... ai nawa ne."

"Naki? Ke kika sassaƙa?"

"Don ɗana aka yi shi."

"Wane ɗan?"

Umma ta gyara mayafi ta ci gaba, ko a jikinta.

"Ni fa ba na son ƙarya. Abin da ko yatsa bai yi ba, gudan jini a inda bai kamata ba, shi kike kira ɗa? Ga mai ɗa nan zaune, nauyi ya ishe ta. Katakon ɗana ne, gumin ɗana ne, jikana zai kwanta a kai. Ko so kike gara ta cinye shi kina kallo?"

"Shi ya ce ku ɗauka?"

"Yaya da bakinsa ya ce in zo," in ji Auta.

"Bai faɗa min ba."

"To kira shi mana."

"Wayata tana wurin gyara. Ya ce ta fashe ranar da na faɗi."

Auta ta dubi Umma, ta yi wani ɗan murmushi, ta kau da kai. Mai-labule ta gani, amma hankalinta ba a nan yake ba, domin Auta ta riga ta dafa kujera ta miƙe ta nufi ƙaramin ɗaki.

Yadda aka yi ta tashi ba filo ba dabara, ita kanta ba ta sani ba. Sai ganinta aka yi a bakin ƙofar ɗakin, hannu ɗaya a jikin ƙyaure, ɗaya a mara.

"Ba inda gadon nan zai je."

Auta ta ja da baya ta riƙe haɓa. "Iye! Umma zo ki ga ikon Allah. Ashe ana iya gudu?"

"Ki bari ya dawo. In ya faɗa a gabana, sai ku ɗauka."

"Mu tsaya jiranki kenan? Ke wace ce?"

"Matar gidan."

"Matar gida!" Auta ta yi shewa. "Rabin mace dai. An cire rabi, saura rabi, shi ma Allah kaɗai ya san ko yana aiki."

Kai jama'a, wasu mutane ba su san inda ake tsayawa ba. Mace da ciki a gabanta, ba ta san yadda tata za ta ƙare ba, amma bakinta ke furta wannan.

Haƙurin shekaru ya tsinke wa Mai-labule lokaci ɗaya.

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Abin da ke cikinki ba wayonki ne ya ajiye shi daidai ba. Ni ma ba ni na zaɓa wa nawa wurin zama ba. Kwana na yi ana ƙara min jinin mutanen da ban sani ba, ke ko leƙe ba ki yi ba. Yau kin iya hanya saboda katako?"

"Umma kina ji tana min baki!"

"Ban yi miki baki ba. Allah ya sauke ki lafiya. Amma ba a gadon ɗana ba."

Umma ta matso, fuska a ɗaure. "Ke yarinya, ni kike yi wa tsawa a gidan ɗana?"

"Ban yi miki tsawa ba Umma. Roƙonki nake yi. Shi kaɗai ya rage min."

"Ya rage miki ki yi me da shi? Ki zauna kina kuka a kansa kina ɗaga wa ɗana hankali? Kin ga yadda ya rame kuwa? Ko abinci ba ya ci. Matsa ki ba ta hanya."

"Ba zan matsa ba."

Auta ba ta jira ba. Ta sa kafaɗa ta ture ta, ta shige. Ta fizge gidan sauron ta dunƙule ta wurga kan keken ɗinki.

"Wannan tsumman ki riƙe abinki, ba na so."

Ta kama gadon ta fara ja. Ƙafafunsa na da ƙananan tayoyi, Kafinta ya sa su don a riƙa tura shi daga ɗaki zuwa falo. Ya taho da sauƙi. Mai-labule ta cafke ɗaya gefen da hannu biyu.

"Saki!"

"Ba zan saki ba."

"Na ce ki saki!"

Auta ta fizga. Wani abu ya tsarga wa Mai-labule a ƙasan mara, zafi kamar an ɗora mata dutsen guga. Ta yi ƙara, ta durƙushe, amma ba ta saki ba.

"Wayyo Allah... cikina..."

"Ga shi nan an fara!" Auta ta saki gadon ta tafa hannu. "Sana'ar kenan, raki. Kullum da inda ke ciwo." Ta langaɓe kai, ta dafe kafaɗa, ta siranta murya. "Wayyo Kafinta, kafaɗata, kamar ana soka min allurar keke. Ka zo, ba zan kira kowa ba, kai nake jira..."

Ta fashe da dariya.

Mai-labule ba ta ƙara jin zafin marar ba. Ta ɗago kai a hankali.

Waɗannan kalmomin nata ne, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta faɗa wa likita su ba, ba ta faɗa wa yayarta ba. Sau ɗaya suka fito daga bakinta, tana kwance a ƙasa, wayar manne da leɓenta.

"A ina kika ji wannan?"

Dariyar Auta ta ragu. "Wane?"

"Allurar keke. A ina kika ji?"

"Oho. Ai Yaya ne ya kunna."

"Yaushe?"

"Ke Auta, kama gadon mu tafi," Umma ta faɗa da sauri.

"Umma don Allah ki bari ta amsa min." Ta juya ga Auta, muryarta ta yi ƙasa, har da lallashi a ciki. "A asibiti ya kunna muku ko? Bayan an shiga da ni?"

"Wane asibiti? Ke da bakinki yanzu kika ce ban leƙa ba."

"To daga baya ne? Da ya zo gida gaishe da Umma?"

"Auta, rufe min baki!"

Amma zuciya ta riga ta ɗebe Auta. Irin mutanen nan ne da in suka ga magana ta sami wuri, sai sun ƙara danna ta.

"Umma ki bar ni, ai gara ta san matsayinta. Tana ta wani hura hanci ita mai miji. Ranar da kika faɗi ce, a ɗakina. Yana haɗa min sif ɗin kayan jariri, yana ɗaura ƙofofinsa, wayar ta yi ta kuka, ya duba ya ajiye. Saƙo ya shigo, hannunsa da sukudireba, sai ya danna ya ajiye a kan katifa. Duk mun ji, har Umma. Har na ce ciki a mara, ciwo a kafaɗa, wannan wane irin salo ne?"

"Ƙarya kike."

"Ni?"

"Yana shago. Inji na ihu."

"Inji!" Auta ta sake shewa. "Wallahi ko fanka ba ta juyawa a ɗakin, an ɗauke wuta. Har numfashinki muna ji."

Mai-labule ta dubi Umma. So take tsohuwar ta ƙaryata, ta yi zagi, ta ce sharri ne. Umma ta kau da kai tana gyara bakin mayafin da ba abin da ya same shi.

Nan ta ji sanyi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa. Ta tuna yadda ta kwanta a ƙasa tana kallon ƙofa, duk motsin da ta ji a waje sai ta ce shi ne. Ta tuna hannunta a kansa a asibiti, tana cewa ya daina kuka, ƙaddara ce. Kunya ta kama ta, kunyar kanta, kamar wadda aka yi wa tsirara a kasuwa.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida.



Kafinta ya shigo da sallama, garin katako a gashinsa, leda a hannu da lemo da maganinta. Ya ga falo ba kowa, ya leƙo ƙaramin ɗaki. Ya ga gado a karkace a tsakiyar ɗaki, ya ga matarsa durƙushe ta riƙe shi, ya ga uwarsa da ƙanwarsa.

"Subhanallahi! Me kike yi a ƙasa? Umma, ai na ce ku bari sai na yi mata magana tukuna."

"Ashe da gaske kai ka ba su," in ji Mai-labule.

"Ki tsaya ki ji. Ba na iya kallonsa ne. Duk sanda na wuce ɗakin nan sai..."

"Sai me?"

Ya ajiye ledar ya matso zai kama ta.

"Tsaya nan. Tambaya ɗaya zan yi maka."

"Ki tashi tukuna, ɗinkinki..."

"Ranar da na faɗi, kana ina?"

Ya dubi Umma. Ya dubi Auta. Auta ta tura baki ta juya wa bango fuska.

"Wa ya faɗa miki wani abu?"

"Ba amsar kenan ba. Kana ina?"

"Mai-labule, yanzu ba lokacin..."

"Wayata fa? Wane mai gyara ka kai wa? Faɗa min shagonsa, yayata ta je ta karɓo."

Ta tsare shi da ido.

"Ba ta fashe ba ko?"

"Tana... tana cikin akwatin kayan aikina."

"Saboda za ta nuna min lokacin da ka saurari saƙona."

Ya sunkuyar da kai. Ƙaton mutum mai ɗaga allon katako shi kaɗai, ya tsaya tsuru-tsuru kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Sai Umma ta shiga tsakaninsu.

"To ya isa haka. Ni ce. Ni na hana shi tafiya. Na ce raki ne irin na masu ƙaramin ciki, ya zauna ya gama aikinsa. Uwa ta ba da umarni, ya zai yi? In zagi ne ki zage ni, in Allah ya isa ce ki yi min. Ɗana ba shi da laifi."

Wallahi sai da Mai-labule ta ji wani sassauci a ƙirjinta. Wannan za ta iya ɗauka. Umma ba ta taɓa son ta ba, ba sabon abu ba ne. In uwa ce ta danne shi, to har yanzu tana da miji, rarraunan miji amma nata. Ta kama maganar da hannu biyu.

"Haka ne?" Ta dube shi, hawaye na zuba. "Ka ce min haka ne. Ka ce ka tashi za ka taho ta hana ka. Ka faɗa, zan yarda."

Ya buɗe baki.

"A'a wallahi!" Auta ta juyo a fusace. "Umma, ba za ki ɗauki laifin da ba naki ba, gobe a yi ta yawo da ke a dangi ana cewa kin so kashe surukarki. Ke da kika ce ya ajiye ya tafi? Kika ce muryar nan ba ta lafiya ba ce? Har takalminsa kika miƙo masa!"

"Auta!"

"Ƙarya na yi? Ni na yi dariya, na yarda. Amma ke cewa kika yi ya tafi, kika sake maimaitawa."

Umma ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata mari, sai hannun ya sauko. Ta jingina da bango. Karon farko tun shigowarta, tsufanta ya fito.

Mai-labule ta saki gadon. Ta dafa keken ɗinki ta miƙe a hankali, har ta tsaya daidai da shi.

"Umma ta ce ka tafi."

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Ta miƙo maka takalmi."

"Na ɗauka irin ciwon kwanakin baya ne. Kin tuna wancan satin ma kin kira ni, na zo na tarar ya lafa. Na ce in na gama zan..."

"Me ka ce mata?"

"Don girman Allah ki bar maganar nan."

"Ina kwance a ƙasa. Na ce maka ba zan kira kowa ba, kai nake jira. Ka ji wannan?"

"Na ji."

"Ka ji. To da Umma ta ce ka tafi, me ka ce?"

Hawaye ya gangaro masa, ya bi ta cikin garin katakon da ke kumatunsa. A asibiti wannan hawayen ne ya karya mata zuciya. Yau ko gezau.

"Na ce..." Ya runtse ido. "Na ce saura ƙofa ɗaya."

A waje mai mota ya danna ham, ya gaji da jira.

"Ƙofa ɗaya," ta maimaita.

"Da na ɗaura ta na kira ki, ba ki ɗaga ba. Na ce ko barci ya ɗauke ki. Sai na tsaya na ci abinci. Ina wanke hannu maƙwabciya ta kira." Ya zube a gabanta gwiwa biyu. "Ki yafe min. Kullum sai na yi niyyar faɗa miki, in na ga fuskarki sai in kasa. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba."

"Ka bar ni ina ba ka haƙuri."

"Na sani."

"Ka bar ni ina tsine wa kaina dare da rana. Ina cewa ni na kashe shi da wautata. Kana kwance kusa da ni kana ji, kana shafa min baya kana cewa in daina tunani."

"Na sani, na sani..."

"Ba ka sani ba."

Ta ji wani ɗumi yana bin cinyarta. Ta zaci gumi ne. Ta kai hannu ƙasan mara, inda aka manna auduga, ta ji zanen ya jiƙe ya manne da fata. Ta ɗago hannun.

Ja wur.

"Innalillahi!" Umma ce ta fara gani. "Jini! Ɗinkin ya buɗe! Auta, kira mai motar nan, maza!"

Auta ta fita da gudu, ta manta da nauyin cikinta. Ɗakin ya fara juya wa Mai-labule, keken ɗinki na nisa da hannunta. Kafinta ya zabura ya miƙe, ya ware hannuwa zai ɗauke ta.

Ta ɗaga masa tafin hannun nan mai jini, daidai fuskarsa.

"Kar ka taɓa ni."

"Ki bari in kai ki asibiti, don Allah, jini kike..."

"Umma," ta ce, ba ta ɗauke ido daga kansa ba, "ke ki riƙe ni."

Tsohuwar ta matso, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarta. Ƙafafun Mai-labule suka fara lanƙwashewa. Ya sake matsowa.

"Na ce kar ka taɓa ni. Je ka gama ƙofarka."